Ban Kwana da Baba Vernon, Baƙonmu na Lokacin Kulle

Ranar Alhamis, sha ɗaya ga watan Fabrairun 2021, Allah ya karɓi ran Vernon Tolliver, tsohon ɗan wasan fim da talabijin na Amurka, a gidansa da ke bayan wani ƙaramin gari a jihar Montana, yana da shekara tamanin da huɗu. Labarin ya same ni washegari da hantsi a nan Dubai, ina cikin bas ɗin da ke kwaso mu daga masaukin ma'aikata na Al Warsan zuwa otal ɗin da nake aiki. Sanda ne ya kira ni, abokin aikina mai kula da kyamarorin tsaro. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Elkana, tsohonmu ya tafi." Ban tambaye shi wane tsoho ba.

Baba, jaridun ƙasarku sun ba ka 'yan layuka, sun sa hotonka na ƙuruciya da malafa a ka. Ni ba marubuci ba ne. Aikina fitilu da na'urorin sauti a zauren taro. Amma inda na fito ba a barin mutumin kirki ya wuce ba tare da wani ya miƙe ya faɗi abin da ya gani ba, ni kuwa na ga abin da 'yan jarida ba su gani ba.

Na san fuskarka tun ina yaro a Kafanchan. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi ya fara sayen talabijin a layinmu, irin mai baƙi da fari. Ranar Lahadi da yamma maƙwabta kan cika mana ɗaki don kallon shirin nan da kake fitowa a matsayin likitan ƙauye, da tsohuwar motarka da baƙar jakarka. Turancinku ya yi wa mahaifina sauri, amma bai taɓa fashin kallo ba. Yakan nuna ka da leɓe ya ce, "Wannan Baturen ba ya gaggawa. Likitan gaske ke nan." Mu yara kuwa mun ɗauka da gaske likita ne kai. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana zan riƙe maka hannu ka hau matakala ba.

Sauran tarihinka daga bakinka na ji shi. Ɗan manomin alkama ne kai, ka bar gona kana matashi ka shiga gidan rediyo kana karanta tallace-tallace. Daga nan ka faɗa fina-finan kaboyi, inda aikinka shi ne a harbe ka tun labari bai yi nisa ba. Kakan yi dariya ka ce ka mutu a kan doki, ka mutu a mashaya, ka mutu a gindin rijiya, kowane karo kuma sai ka tashi ka karkaɗe ƙura ka tafi cin abincin rana. Sai shirin likitan ya zo ya riƙe ka shekaru masu yawa. Da furfura ta cika kai, ka koma alƙali, ka koma limamin coci, ka koma kakan wani. Ba a taɓa fara rubuta sunanka a allon fim ba, ba ka kuma taɓa ɗaukar babbar kyauta ba. Ka ce mini kai irin mutanen nan ne da ake tare su a filin jirgi a ce, "Malam, kamar na san ka, a ina muka haɗu?" Ban ji ɗaci a muryarka ba lokacin da ka faɗa.

A watan Maris na 2020 aka gayyato ka Dubai, wani taron masu sha'awar tsofaffin fina-finai da za a yi a zaurenmu. Ka sauka, cutar korona ta rufe duniya. Aka soke taron, jirage suka tsaya. Da aka fara kwashe baƙi zuwa ƙasashensu, likitanka ya hana ka tafiya saboda zuciyarka da huhunka, 'yarka Marian kuma ta roƙe ka ka zauna inda kake. Haka ka zama kusan baƙo ɗaya tilo a ginin da kan ɗauki ɗaruruwa. Mu ma kaɗan aka bari, aka ba mu ɗakuna a ciki don kada mu riƙa shiga da fita.

Wanda bai ga Dubai a watannin nan ba ba zai gane ba. Titin da ba ya barci ya zama fili, rana tsaka, babu ko mota ɗaya, sai fitilun ba da hannu suna canza launi ba mai kallonsu. A cikin otal an lulluɓe kujeru da fararen mayafai, an kashe maɓuɓɓugar ruwan da ke harabar shiga. Idan ka yi tari a hawa na ƙasa sai ka ji ya dawo maka daga sama. A cikin wannan shirun kai ne ka riƙe mu. Ka koyi sunan kowa, har da masu wanke-wanke. Ka ƙi cin abinci a ɗakinka, ka riƙa saukowa ɗakin cin abincin ma'aikata, ka zauna can nesa kamar yadda doka ta ce, kana ba mu labarai. Rosaline, 'yar ƙasarmu mai gyaran ɗakuna, ta taɓa tuƙa maka tuwon semo da miyar kuɓewa. Ka ci da hannu, miyar na zarya har gemunka, ka ce ba ka taɓa cin abincin da ke ƙoƙarin gudu ba. Da azumi ya kama, ko ruwa ba ka sha a gaban Sanda. Kakan zauna kusa da ƙofar ofishinsa da dabino a faranti kana jiran a kira salla. Tun daga lokacin muka daina ce maka baƙo, muka koma Baba.

Wata safiya ka same ni ka ce in kunna maka dandamalin zauren. Ka ce ɗan wasan da ya daina aiki kamar doki ne da aka ɗaure, ƙafafunsa ne ke fara mutuwa. Kana son shirya wani wasa na mutum ɗaya a kan rayuwarka, ka nuna idan duniya ta buɗe. Manaja ya ɗaga kafaɗa ya ce khalas, wato shi ke nan, a ba ka. Ka manna ɗan farin tef a tsakiyar dandamali, ka ce nan ne gurbinka. Na hau tsani na karkata babbar fitilar rufi ta sauka daidai kan fuskarka. Daga ranar, kullum da hantsi nakan riga ka sauka in kunna komai, in zauna a ɗakin na'urori da ke bayan zauren in jira ka.

Abin da zan faɗa yanzu na daɗe ina juya shi a raina. Ni Kirista ne, ɗan dattijon ikilisiya, ba a raine ni da labarin fatalwa ba. Amma abin da ido ya gani, baki ba ya musunsa.

Zauren ba shi da taga. Ran nan na kunna babbar fitilar, na sunkuya ina gyara wata waya, da na ɗago sai na ga inuwa a jikin labulen baya. Inuwar dogon mutum ce, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, yadda taka take. Na ɗauka ka riga ni shigowa ta ƙofar gefe. Na danna makirufo na ce, "Barka da hantsi, Baba." Sai na duba gurbin da ya kamata mai inuwar ya tsaya. Babu kowa. Farin tef ne kawai a cikin haske. A daidai nan ƙofar da ke bayana ta buɗe, ka shigo kana dogara sandarka. Da na sake duban labulen, ba komai a jikinsa.

Ka ga fuskata. Ka dubi dandamalin, ka jinjina kai kamar mai gaida wanda ya sani, ka ce a hankali, "Na gode, Roy." Sannan ka ja kujera ka zauna kusa da ni.

Ka bayyana mini cewa a wurin ɗaukar fim, ba a sa ɗan wasa ya tsaya cikin zafin fitilu yana jiran a daidaita su. Akan nemo wani mai tsawonsa da faɗinsa da launin fatarsa, ya tsaya a gurbinsa har a gama, sannan a kira shi ya zo ya karɓi wurin. Naka shi ne Roy. Shekara da shekaru kuna tare, har matanku kan kira ɗayanku da sunan ɗayan idan kun ba da baya. Ba a taɓa ganin fuskarsa a fim ba, amma duk inda ka tsaya, shi ya fara tsayawa. Wata rana za a ɗauki wurin da za ka ƙetare kogi a kan doki. Ruwan sama ya sauka a kan duwatsu ba wanda ya sani. Roy ya ce bari ya fara shiga, a ga yadda hasken zai faɗa a kan ruwan. Ya shiga sanye da riga irin taka. Dokin ya fito, shi bai fito ba.

"Tun daga ranar," ka ce, "duk inda zan tsaya, yana riga ni. Aikinsa ne. Ban taɓa jin tsoronsa ba, Elkana. Kai ma kada ka ji."

Na so in ce tsufa ne, ko kaɗaici. Amma bayan 'yan kwanaki Sanda ya ja ni zuwa ofishinsa ya rufe ƙofa. Fitilun barandar hawan da kake kwana irin masu kunna kansu ne idan sun ji motsin mutum. Ya nuna mini a allo: ka fito daga ɗakinka da rana, kana takawa a hankali, fitilun kuwa suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya can gabanka, nesa da inda motsinka zai kai, kamar wani na tafe a gaba. Ƙofar lif ta buɗe tun ba ka isa ka danna ba. Sanda ya ce ya sa masu gyara sun duba, sun ce lafiya lau suke, kuma ba sa yi wa kowa haka sai kai. Ya ce, "Ni dai na karanta abin da zan karanta. Kai ma ka karanta naka." Na karanta Zabura kafin in kwanta. Washegari muka koma aiki, don ba mu ga ya cuci kowa ba.

Haka ka ci gaba da shirinka a gaban kujeru marasa kowa. Kakan zaɓi layin gaba ka ce wannan kujerar ta wance ce, wancan ta wane, kana kiran abokan aikinka na da, waɗanda duk ƙasa ta rufe. A cikin waɗanda kuka yi shirin likitan tare, kai kaɗai ka rage. Kana yi musu magana, kana saurarawa kamar suna amsawa, wani lokaci har ka yi dariya. Ni kuma ina can baya, sanyin na'ura na ratsa ni, ina kallon bayan kujerun, ina roƙon Allah kada in ga kan kowa ya ɓullo.

A cikin watan Mayu ƙanena Godfrey ya kira ni daga gida: mahaifinmu ya rasu. Babu jirgi, babu hanya. Ni ne ɗan fari, ni ya kamata in tsaya a bakin kabari in yi magana a madadin gida. Na shige ɗakina na kulle, ban sauka aiki ba. Da azahar na ji sandarka tana ƙwanƙwasa ƙofata. Mutumin da hawa matakala uku ke sa shi haki, ka nemo ɗakina a can ɓangaren ma'aikata. Ba ka yi mini dogon jawabi ba. Ka ce, "Wanke fuskarka. Yau kai ne a dandamali. Za ka yi wa babanka magana, mu aika musu su saurara a wurin binnewa."

Na ce ba zan iya ba, muryata ba za ta fito ba. Ka ce, "Kada ka yi wa jama'a magana. Zaɓi kujera ɗaya ka zaunar da shi, ka gaya masa. Idan kuka ya zo, kada ka yi kokawa da shi. Ka tsaya ya wuce, sannan ka ci gaba."

Muka sauka zauren. Na kunna babbar fitilar, na hau na tsaya a kan farin tef ɗinka. Ka fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Da yake a kanka na saita ta, ya kamata hasken ya wuce ta saman kaina, ya bar fuskata a duhu. Amma ya sauka daidai kan fuskata, kamar an gwada ni. Fitilar nan ba ta juyuwa sai da hannu, sai an hau dogon tsani. Tsanin yana kulle a sito, makullin yana aljihuna. Na tsaya ina kallon rufi. Na dube ka. Kai ma sama kake kallo, bakinka a ɗan buɗe, kuma wannan ne karo ɗaya da na ga mamaki a fuskarka. Ka ce, "Bai taɓa yi wa kowa ba sai ni." Sannan ka ɗaga wayata don ɗaukar jawabin, ka ce in fara.

Na zaunar da mahaifina a kujera ta tsakiya. Na yi masa magana da Hausa, na gode masa, na nemi gafararsa da ban zo ba. Kuka ya zo, na tsaya, ya wuce. Ba ka jin Hausa ko kalma ɗaya, amma da na gama na ga ka cire hularka, hawaye na bin gemunka. Washegari Godfrey ya riƙe wayarsa a bakin kabari, 'yan mutanen da aka yarda su taru suka ji muryata. Mahaifiyata ta ce kamar ina tsaye a cikinsu. Baba, da ba ka ƙwanƙwasa ƙofar nan ba, da har in mutu ina ɗauke da nauyin cewa an binne ubana ban ce komai ba.

Da jirage suka dawo a watan Yuli, Marian ta shirya maka tafiya. Muka jeru a harabar shiga, fuskoki a rufe da takunkumi, ba halin runguma. Ka bi mu ɗaya bayan ɗaya kana kiran sunayenmu, ba ka kuskure ko ɗaya ba. Wasan da ka shirya ba a taɓa nuna shi ba. Ni kaɗai ne rayayyen da ya kalle shi daga farko har ƙarshe, kuma ina shaida cewa ya fi duk abin da na taɓa ganinka a ciki. Da ka juya za ka fita, ƙofar gilashin ta buɗe tun kana nesa da ita. Ta tsaya a buɗe, zafin waje na shigowa, har ka isa. Sanda ya kama hannuna ya matse. Tun da ka tafi, fitilun hawan nan ba su sake kunna kansu ba.

Ba ka manta da mu ba. Kakan kira ni ta bidiyo, safiyarku yammacinmu, ka tambayi Rosaline, ka tambayi Sanda da iyalinsa a unguwar International City, ka tambayi jikin mahaifiyata. Kiranka na ƙarshe a watan Janairu ne. Kana zaune a gaban taga, dusar ƙanƙara ta rufe filin bayanka, ka rame ƙwarai. Muna cikin hira ka juya kana kallon waje. Ka ce, "Kwanan nan ba ya tsayawa kusa. Jiya na hango shi can ƙarshen fili, bayan shinge, wurin da ban taɓa takawa ba. Yana tsaye kawai." Na ce Baba, ka daina irin wannan magana. Ka yi murmushi ka ce, "Hasken wurin ya yi kyau, Elkana. Ina jin sun kusa gamawa."

Marian ta gaya mini cewa da safe ne, bayan ka karya kumallo. Ka sa ta ɗauko maka rigarka mai kyau, ka taje gemunka, ka zauna a kujerar nan ta gaban taga. Ta shiga kicin ta dawo, ta tarar ka tafi, sandarka a kan cinyarka.

Ban san mene ne na gani a zauren nan ba, ba kuma zan yi wa Allah shisshigi a cikin abin da ya ɓoye ba. Abin da na sani shi ne mutumin da na zauna da shi: mai haƙuri, mai riƙon amanar abota har bayan mutuwa ta raba, wanda ya yi shekara sittin yana aro rayuwar wasu amma bai taɓa yi mana wasan kwaikwayo ba.

Da na kira mahaifiyata na gaya mata, sai ta ce to. Washegari Godfrey ya aiko mini da hoto. Ta ɗaura baƙin ɗankwali, ta shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, matan zumuntar coci sun zo sun zauna da ita suna waƙoƙin ta'aziyya. Maƙwabta na wucewa suna tambaya wa aka rasa kuma. Ta ce musu, "Wanda ya riƙe mini ɗa ranar da hannuna bai kai ba." Wuni guda aka yi ana zuwa yi mata gaisuwar mutumin da ba ta taɓa haɗuwa da shi ba, a garin da bai taɓa takawa ba.

A madadina da Sanda da Rosaline da duk waɗanda suka zauna da kai a watannin kulle, ina miƙa ta'aziyya ga Marian da 'ya'yanta da sauran dangi. Ku sani kuna da 'yan'uwa a Dubai da Kafanchan waɗanda ke kuka tare da ku. Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya share muku hawaye.

Kai kuma Baba Vernon, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa baƙi alhali kai ma baƙo ne. Ya jiƙan Roy, ya jiƙan mahaifina. Ya ba ku hutawa ta har abada, mu kuma ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo. Amin.

Elkana Bulus
Al Warsan, Dubai